Ranar Da Kunyar Juwairiyya Ta Ƙare

Idan aka haihu a unguwar su Juwairiyya a Kibiya, tsofaffin mata sukan yi sammakon zuwa barka don su samu su lulluɓe jaririn son ransu kafin ta iso. Da an jiyo sallamarta daga zaure kuwa, sai ka ga ɗaki ya hargitse, mai filo tana janye filo, mai shawul tana ninkewa tana cusawa a ƙarƙashin cinya. Juwairiyya ba ta gaida kowa sai ta leƙa gado tukuna. In ta tarar da mayafi a kan hancin jariri, ko wace ce ta rufa, ko matar liman ce, yayewa take yi, sannan ta juyo da fara'arta ta ce, "Ina kwananku? Barkanmu da arziki." Tun ana zaginta a bayan ido har aka gaji aka sa mata suna Yaye-Bargo. Ita ko a jikinta. Tana nan tana suyar ƙuli-ƙulinta tana matsar man gyaɗa, mai saye ya saya, mai tsaki ya yi tsakinsa ya wuce.

Abin dariyar shi ne, wannan mata da yanzu ake cewa idonta ya bushe 'yar Saji ce ta ƙasar Rano, kuma in ka je Saji ka ba da labarinta za su rantse maka ba ita kake nufi ba. Tana yarinya kunyarta har haushi take ba mutane. Ka aike ta maƙwabta aron rariya, sai ta tsaya a zaure tana murza bakin hijabi, har masu gidan su gama tuwonsu su fito su yi tuntuɓe da ita. A Islamiyya in aka ce ta biya karatu, sai malam ya taso daga kan buzunsa ya kawo kunne. An taɓa zuba mata miyar da mutum biyu suka sa wa gishiri, kowa bai san ɗan'uwansa ya sa ba, ta shanye tas, ta ce an gode. Iyaye mata da ita suke yi wa 'ya'yansu gori, 'ya'yan kuma su tare ta a bakin famfo su huce a kanta. Ba ta da kyan da za a tsaya kallo, ba ta taɓa yin na ɗaya a aji ba, amma tana da wannan suna na mai kunya, kuma ta riƙe shi da hannu biyu.

Muntari direban bas ne, Rano zuwa Kano, gidansu a Kibiya. Ya gan ta ranar da ya shiga Saji ɗaukar buhunan gyaɗa, daga nan ya mayar da Saji hanya, ko da kaya ko babu. Wata shida yana zuwa zance, shi ke tambaya, shi ke ba kansa amsa, ya koma gida yana cewa sun sha hira. Ita ma fa tana son sa, har tana gane hon ɗin motarsa a cikin hon goma, amma sai da goggonta Lami ta ritsa ta a ɗaki ta rufe ƙofa kafin aka samu ta gyaɗa kai. Mahaifiyar Muntari, Hajiya Talatu, ta zo ganin yarinya, ta yi awa biyu ba ta ga komai ba sai tsakar kai. Ta koma Kibiya tana shela gida-gida cewa Allah ya ba ta suruka irin ta da, a wannan zamani da yara suke kallon tsabar idonka suna ƙas-ƙas da cingam.

To, ita Hajiya Talatu mace ce mai kirki, mai kyauta, muryarta kuma tana kaiwa layi na uku ba tare da ta yi niyya ba. Mijinta, Alhaji Dauda, ya rasu da jimawa, ita ke riƙe da gida. Maƙiyinta ɗaya ne a duniya, sanyi. A wajenta ciwon kai sanyi ne, ciwon ido sanyi ne, wanda ya faɗo daga babur ma da bai sha iska ba da bai karye ba. In ta ga jariri da singileti, ko a tsakiyar bazara ne ana narkewa, salati take sakawa kamar ta ga gobara. Shekarar da ta je aikin Hajji, mata suna ta sayen turare da zobba, ita bargo ta saya, wani jibgege mai hoton damisa, wanda mutum ɗaya ba ya ninke shi sai da nishi. Sai da ta bar rabin tsarabarta a can saboda awon kaya, amma bargo ya hau jirgi. Ta adana shi a ƙasan akwati ta ce na ɗan Muntari ne na fari, tun Muntari bai san hanyar Saji ba.

Da Juwairiyya ta samu ciki, Muntari ya riƙa sauke ta a asibiti a Rano duk ranar awo. A can akwai wata ma'aikaciyar jinya, Malama Lubabatu, gajeriya mai baki, wadda take tara masu ciki a kan benci kafin a fara kiran suna, ta fito da wata 'yartsanar roba mai ido ɗaya ta yi musu darasi da ita. Ranar da ta zo kan kwanciyar jariri, ta ce a kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba, a kan shimfiɗa mai tauri, shi kaɗai, babu filo, babu bargo mai nauyi, babu tarkacen komai kusa da fuskarsa. In ana sanyi a sa masa kaya masu ɗumi a jikinsa, shi ke nan.

Wata mai ciki na bakwai ta ce daga bayan benci, "Haba Malama! Mu nan duk da bargo aka raine mu, ga mu kuma ɓul-ɓul."

Malama Lubabatu ta ce, "Waɗanda bargon ya tafi da su ai ba za su zo awo su ba mu labari ba, Yaya." Ta ɗauko bargon gadon asibiti ta ninka, ta zagaya ta ɗora wa matar a fuska ba shiri. Matar ta fizge ta yar tana tari tana a'uziyya. Aka kwashe da dariya. Malama ta jira aka gama, ta ce, "Kin ga ke kina da hannun turewa. Shi ba shi da shi, wuyansa ma bai iya juyawa ba. Kuma kada ku ce za ku ji kukansa. Sau da yawa shiru kawai za ku ji, ku ce yaro ya samu barci."

Sauran mata suka tashi suna raha suka bi layi. Juwairiyya ba ta yi dariya ba. Maganar shirun nan ta shige ta, ta zauna mata a ƙirji, har ta kai in ta ga bargo a shanya sai gabanta ya faɗi. Ta so ta gaya wa Hajiya. Sau uku tana zuwa ƙofar ɗakinta ta durƙusa, sau uku tana ƙarewa da tambayar ko a ɗora ruwan zafi.

Ciki na wata takwas aka mayar da ita Saji, gidan iyayenta, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, don ta haihu ta yi wankan jego a gaban nata. Ta haifi namiji a cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, yayyafi ba ƙaƙƙautawa, bango duk ya jiƙe. Goggo Lami ce mai wanka, ita ke tafasa ruwa da ganyen darbejiya ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma, ita ke ɗura mata kunun kanwa, ita ke wanke jariri ta naɗe shi kamar za a aika da shi Legas.

Sai ga babbar matsala. Ɗan fari ne, ɗan fari kuma kunyarsa ake ji. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ko kallonsa ba ta yi in da idon mutane. In ya yi kuka sai an ce mata, "Ke, karɓi ɗan mutane ki ba shi ya sha," ta karɓa tana kau da kai kamar an ba ta ajiyar da ba ta so. 'Yan matan yanzu da yawa sun yi watsi da wannan, har hoto suke ɗorawa a waya suna sumbatar ɗan. Amma wannan Juwairiyya ce. Duk Saji an zuba ido a ga kunyar ɗan fari irin wadda za a daɗe ana ba da labari.

Ta kuwa yi musu yadda suke so, a fili. A ɓoye kuma ta zama ɓarauniya. Goggo Lami za ta ja shawul har goshin yaro ta fita duba wuta, Juwairiyya ta miƙa hannu ta janyo shi zuwa ƙirji, ta zare filon da aka tokare shi da shi, ta koma ta zauna tana kallon bango. In an kusa kama ta sai ta ce ɗan kunnenta take nema a kan gado. A kwana shida ɗan kunnen nan ya ɓace ya fi sau talatin. Goggo Lami kuwa sai yabon jariri take yi wa masu barka: "Wannan yaro ƙarfi gare shi! Kwana uku a duniya, amma duk abin da kika rufa masa sai ya shure."

Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, aka raɗa wa yaro Dauda, sunan kakansa marigayi. Nan take mata suka yi masa laƙabi da Amiru, don babu mai bakin da zai iya kiran sunan Alhaji gatsau, balle suruka. Da azahar Muntari ya iso da bas cike da matan Kibiya, Hajiya Talatu a gidan gaba, bargon damisa a cinyarta cikin jakarsa. Aka shigo da shi da guɗa, ka ce amarya aka kawo.

Ɗakin Inna Kulu, mahaifiyar Juwairiyya, ba wani babba ba ne, ga hadari ya rufe, ga babu wuta, taga ɗaya kuma an toshe ta saboda iska. Aka zaunar da mai jego a kan tabarma a lungun bakin ƙofa, ta sha lalle da sabuwar atamfa, ta ja mayafi har hanci. Gado yana can ƙurya. Tsakaninta da shi tsofaffi ne zube, ƙafa a miƙe, ga farantan waina ga bokitin zoɓo. Hajiya ta karɓi jikanta ta juya shi ta ce, "Kai! Wannan angon nawa ai tsirara kuka bar min shi." Alhali yaro yana sanye da riga biyu da hular ulu da safa. Ta kwantar da shi a tsakiyar katifa, ta tokare shi da filo dama da hagu, ta ninka bargo biyu ta ja masa har haɓa. "Yawwa angona, ji ɗumin Makka." Sannan ta zauna a bakin gadon, ta ba shi baya, ta ɗauko labarin rigimarta da masu awon kaya a filin jirgi.

Mata suka ci gaba da shigowa a jiƙe. Kowa ta san al'adar gidan biki: ki cire hijabi ko mayafi ki jefa kan gado, ki ajiye abin da kika kawo a kan gado, ki nemi wajen zama. Na farko-farko sun san da jariri, suka ajiye ta wajen ƙafa. Na baya suka shigo daga haske zuwa duhu, ba su ga komai ba sai tulin kaya, suka ƙara a kai. Turmin atamfa, tawul, shawul a leda, wani jiƙaƙƙen hijabi mai faɗin tabarma. Tulin ya yi tsayi ya fara zamewa wajen kai, yana tura bargon gaba.

Juwairiyya tana gani ta ƙasan mayafi. Ta taɓa Goggo Lami da ke kusa da ita, ta ce a hankali, "Goggo, kayan can na kan gado..."

Goggo ta ce da ƙarfi, "Ba mai sace miki, 'yar nan, duk naki ne!" Aka yi dariya.

Ta sake ɗaga ido. Wata tsohuwa cikin 'yan Kibiya ta kama ta, ta tafa hannu. "Ahayye! Ku ga mai jego tana satar kallon ɗanta! Hajiya, ashe surukar taki 'yar zamani ce?"

Hajiya ta ce, "Wa? Juwairiyya? Ki dai nemi wata. Wannan ko wuta ce ta kama zanenta a gabana, sai na fita za ta kashe."

Aka sake shewa. Juwairiyya ta mayar da kai ƙasa, kunya kamar ta nutse, kuma wallahi ta zauna. Wannan zaman shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Ta zauna tana gaya wa ranta ai ga kakarsa nan a kusa, ai ga manya cike da ɗaki, ita wace ce. Da ta ƙara satar kallo, ko hular ulun ba a gani. Gefen bargon ya ɗan motsa sau biyu, kaɗan-kaɗan. Ta kafe shi da ido tana jiran na uku. Hajiya ta kai inda take ce wa mai awon kaya ya cire dabino ya bar mata bargonta. Na uku bai zo ba.

Waɗanda suke ɗakin sun ce ba su ga tashinta ba, sai dai suka ga ƙafa mai lalle a cikin farantin waina. Ta tsallake tsofaffi uku, ta taka ta huɗu, ta yi fatali da bokitin zoɓo, ta ture Hajiya Talatu gefe da kafaɗa, Hajiya guda! Hijabai suka tashi sama. Turmin atamfa ya sami wata a ƙeya. Ta kama bargon Makka da hannu biyu ta wurga, ya fita ta ƙofa ya faɗa cikin taɓon tsakar gida.

Yaro yana kwance sharkaf da gumi, leɓɓansa sun yi duhu, jikinsa ya saki. Ta sure shi, ta fizge hular, ta hura masa iska a fuska, tana murza bayansa tana ƙwala kira da wata murya da ko uwar da ta haife ta ba ta san tana da ita ba: "Dauda! Dauda! Kai Dauda, buɗe ido!"

Sunan da Hajiya Talatu ta yi shekara talatin tana aure ba ta taɓa furtawa ba, ga shi suruka tana kwarara shi har maƙwabta suna ji. Sai yaro ya ja wani numfashi mai ƙara, ya yi tari, ya saki kuka siriri, sannan ya buɗe maƙogwaro gaba ɗaya. Juwairiyya ba ta tsaya ba. Ta fita da shi a kafaɗa, ba mayafi, ɗankwali ya zame, ta ratsa zaure ta faɗa tsakiyar maza a rumfa. "Muntari! Tashi ka tayar da motar nan!" Muntari, wanda tun da ya aure ta bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai da ya waiga bayansa yana neman wani Muntarin.

A asibiti Malama Lubabatu ta duba shi, ta maƙala masa abin aunawa a ƙafa, ta riƙe su har magariba ta kusa. Ta ce Allah ya tsare, amma da an ƙara ɗan lokaci da wani zancen ake yi. Da suka koma Saji biki ya watse. Kuma kada ka ɗauka an yi mata sannu. Zancen da ya zagaya Saji ya tsallaka Kibiya shi ne, yaro barcinsa yake yi mai nauyi irin na jarirai, uwar ce ta zare. Aka jera laifuffukanta: ta taka tsohuwa, ta kira sunan suruki, ta kira sunan miji, ta fita gaban maza kai ba lulluɓi. Wata ma har wainar ta sa a ciki. Inna Kulu ta rungume jikanta ta yi kuka, sannan ta koma ta yi wani kukan na abin kunya. Goggo Lami ta gane mai shure shawul, washegari kuwa ruwan wanka ya fi na kullum zafi. Hajiya Talatu ta sa aka ciro bargonta daga taɓo, ta hau mota ba sallama.

Juwairiyya ta yi kukan sunanta da ya zube, ta yi sosai, don shekara ashirin da biyu ta yi tana tattalinsa. Amma da ta share hawaye sai ta ji wani sauƙi. Tunda an riga an ce ba ta da kunya, to babu sauran abin ɓoyo. Ta daina neman ɗan kunne. Ko wa ke ɗaki, in an rufe sai ta yaye.

Bayan arba'in ta koma Kibiya, gida ɗaya da Hajiya, ƙofa tana kallon ƙofa, kuma a nan tsoron gaske ya fara. Hajiya tana amsa gaisuwarta da hanci, ba ta ce mata komai a kan ranar suna ba, amma bargon an wanke shi an shanya, yana ninke a kan akwati inda kowa zai gani. Muntari ya sa Lado kafinta ya ƙera ɗan gado, aka sa katifa mai tauri, Amiru yana kwana a ciki rigingine da rigarsa mai haɗe da wando. Sau biyu Juwairiyya tana shiga wanka ta fito ta tarar an rufa masa zane har kunne. Daga nan ta koma goya shi ko'ina, tana gyaran gyaɗa da shi, tana shara da shi, wanka kuma sai Muntari ya dawo daga Kano. Shi kuwa gogan naka, sulhun da ya iya shi ne, "Ki bari ta rufe masa ƙafafu mana, ƙafa ai ba ta numfashi." Ta ce masa ya je ya ci tuwonsa.

Wata Laraba bayan azahar, Amiru yana da wata uku, ta kwantar da shi a ɗaki don za ta yi suya, ba ta son hayaƙi da mai mai zafi kusa da shi. Ta leƙa ta ga ƙofar Hajiya a rufe, ta ce barci take. Tana cikin juya ƙuli sai jikinta ya ba ta. Ta bar kasko a wuta ta ruga. Takalman Hajiya ne a ƙofar ɗakin da Amiru yake kwance.

Hajiya tana zaune a ƙasa kusa da ɗan gadon, bargon damisa a ninke a cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu. Yaro yana barcinsa, fuska a buɗe, cikinsa yana tashi yana sauka. Juwairiyya ta tsaya da matsami a hannu, bakinta cike da magana, don yanzu ta iya.

Hajiya ba ta waigo ba. Ta ce, "Tun ɗazu nake nan. Ban rufa ba. Zo ki zauna."

Ta zauna a bakin ƙofa.

"Kin ɗauka Muntari ne ɗana na fari ko?"

Juwairiyya ta ce, "Haka na sani, Hajiya."

"Haka shi ma ya sani. Akwai wansa. A Zurgu na haife shi, gidanmu, ina wankan gida kamar ke. Kwanansa goma sha tara. Ranar ana ruwa, kakata ta rufe shi da gwado biyu, ɗaki cike da baƙi, dangin Alhaji sun zo duba mu. Ina zaune ina kallon gwadon yana motsi. Na so in tashi." Ta shafa bargon. "Da baƙi suka tafi aka buɗe. Suka ce sanyi ne ya shige shi, rufin bai isa ba. Ni kuwa na riƙe. Tun daga ranar ban ƙara ganin ɗan kowa a buɗe na ƙyale ba."

Sai yanzu ta juyo. Babu ko ɗigon hawaye a idonta, kuma wannan ya fi kuka tayar wa Juwairiyya da hankali.

"Ke kin ji karatun asibiti. Wata uku ke nan ina so in tambaye ki, ina jin nauyinki. Ki gaya min tsakaninki da Allah, sanyi ne?"

Juwairiyya ta dubi tsohuwar, tausayi ya kama ta. In ta ce sanyi ne, Hajiya za ta tashi da sauƙi a ranta ta je ta yi alwalar la'asar. Ga lokacin sanyi kuma yana ƙaratowa, ranar da aka fara tashi da shi bargon nan zai sauka a kan Amiru, da kyakkyawar niyya. Ta dubi yaron, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Hajiya, kwanansa ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani kwana. Kuma ke yarinya ce a lokacin, ba wanda ya gaya miki." Ta dubi bargon. "Amma ba sanyi ba ne."

Hajiya ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. A waje mai yana ƙauri a kasko, babu wadda ta motsa. Can ta ɗauke bargon daga cinyarta ta ajiye a ƙasa, a bayanta, ta miƙa yatsa ɗaya ta sa a tafin hannun Amiru. Yaron ya damƙe cikin barci.

Ta ce, "Shitu sunansa. Ɗan fari ne, kin gane. Ban taɓa kiransa ba ko sau ɗaya."